Ƙwayar Sukari Uku a Aljihun Yayana



Iyayena da yayyena da ƙannena masu bibiyar wannan zaure, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, saboda akwai laifina a cikinsa, mutum kuwa ba ya gaggawar tona kansa. Amma ga shi watan azumin tsofaffi ya raba, Sha'aban ya ƙarato. Na ga idan na sake yin shiru, wani yana iya faɗa wa ɗan'uwansa irin maganar da na faɗa wa nawa.

Yayana ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, ya haura shekara 55. Shekara huɗu kafin abin da zan ba ku labari, likita ya shaida masa yana da ciwon sukari, ya ɗora shi a kan wata ƴar farar ƙwaya, sunanta a jikin kwali glibenclamide. Yana shan ta ba fashi, yana kuma azuminsa kamar kowa, bai taɓa komawa ya tambayi yadda za a yi da ita a watan Ramadan ba. Mu ma ba mu taɓa tuna masa ba.

A goman ƙarshe na azumin 1444, cikin Afrilun 2023, da suka dawo daga tahajjud barci ya kwashe gidan gaba ɗaya. Sun farka saura kaɗan a kira asuba. Ya kurɓi koko ludayi biyu, ya haɗiye ƙwayarsa, ya kama baki. Da hantsi motar kaya ta iso shago, yaransa biyu ne kawai a wurin, shi kuma ba mai iya zama ya zuba ido ba ne, sai ya sa hannu aka sauke buhuna cikin wannan rana ta bazara da kuka sani.

Wajen ƙarfe uku da rabi ɗansa ya kira ni a waya, ya ce, "Baba, zo ka duba Alhaji, jikinsa ba daidai ba." Na tarar da shi zaune a kan buhu, riga ta jiƙe sharkaf, hannu yana rawa. Na taɓa goshinsa na ji sanyi, ban tsaya na tambayi kaina me ya kawo sanyi a goshin mutum cikin irin wannan zafi ba. Na ce, "Sannu Yaya. Rana ce ta buge ka. Saura awa uku, ka daure. Ka kawo har nan, kada ka ɓata a yau." Ya ɗaga kai ya daka mini tsawa, ya ce, "Wa ya ce maka sha zan yi? Ka rabu da ni!" Tun tasowata ban taɓa jin ya yi mini magana da wannan murya ba. Na sa aka jiƙa masa rawani, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na tafi sallar la'asar zuciyata a kwance, ina ganin na ƙarfafa wa ɗan'uwana gwiwa a kan ibada.

Da na dawo, ana kiran sunansa ba ya amsawa. Muka saka shi a adaidaita sai wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Malamar da ta karɓe mu ta soki yatsansa, ta ɗiga jinin a kan na'ura, ta juyo da ita na gani: 0,38. Nan take ta ɗura masa ruwan sukari ta jijiya. Cikin ƴan mintoci ya buɗe ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "An kira magariba?"

Malamar ta tambayi wanda yake tare da shi lokacin da abin ya fara. Na ce ni ne, na kuma faɗa mata abin da na ce masa. Ta ce, "Malam, wane aiki kake yi?" Na ce ina koyar da ilimin halittu a kwaleji. Ta dube ni, ta mai da kanta ga takardarta, ba ta ƙara cewa uffan ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekara da shekaru ina zana hanta da jini da sukari a kan allo, yara suna kwafa, ina ba su maki, amma ranar da darasin ya zauna a gabana a kan buhun shinkafa ban gane shi ba.

Sun riƙe shi ya kwana, domin wannan ƙwaya tana daɗewa a jiki, sukari kan sake faɗuwa bayan an tashe shi. A daren nan, ina zaune a kan benci, na ɗaura niyyar sake koyon abin da nake koyarwa. Ga abin da na fahimta, da harshen da nake fata kowa zai gane.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Sukarin da ke cikin kowace lita, ga mai lafiya da bai ci komai ba, bai cika kai giram 1 ba. Wato duk sukarin da ke yawo a jininka yanzu bai wuce ƙwaya guda irin ta kwali ba, wadda muke jefa uku ko huɗu a kofin shayi. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cin kusan giram 120 a kwana guda, giram 5 ke nan a kowace awa. Da babu wani tanadi, awa ɗaya bayan sahur da duk mun zube. To, me yake riƙe da mu har faɗuwar rana?

Ku ɗauki misalin gidan manomi. Akwai gari a ƙwarya, wanda za a tuƙa yanzu. Akwai tsabar hatsi a buhu cikin ɗaki, kusa da hannu. Akwai kuma damma a rumbu, masu yawa, amma sai an sauko da su, an sussuka, an sheƙe, an surfa, an daka. Garin ƙwarya shi ne sukarin jini. Buhun ɗaki shi ne wani sukari da hanta ke ƙullawa ta ajiye, ana kiran sa gilaikojin, wanda wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, ya ware shi daga hanta a 1857. Hanta tana riƙe da kusan giram 100, tana sakin sa kaɗan-kaɗan cikin jini tsakanin ci da ci, kuma ba ya kai mutum nesa da kwana guda. Tsoka ma tana da nata, ya ninka na hanta sau uku ko huɗu, sai dai ita ba ta ba kowa, aikinta take yi da shi. Rumbun kuwa shi ne kitse. Giram guda na kitse yana ba da kalori 9, na sukari 4, kuma ko mutumin da ba shi da ƙiba yana ɗauke da kilo 10 ko fiye, guzurin makonni.

Mai riƙe da mabuɗin waɗannan ajiyoyi shi ne insulin, sinadarin da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take fitarwa, likitoci suna ce mata pankiriyas. Idan ka ci abinci insulin ya tashi, ya umarci tsoka ta kwashi sukari, ya umarci hanta ta ajiye, ya rufe rumbun kitse. Idan ka daɗe ba ka ci ba sai ya sauka, hanta ta kwance buhunta, rumbu ya buɗe, tsoka da zuciya su koma ƙona kitse su bar wa ƙwaƙwalwa ɗan sukarin da ya rage. Idan yunwa ta yi tsawo, hanta tana ƙera sabon sukari, tana kuma juya kitse ya zama wani abinci da ake kira kiton. A 1967 likita George Cahill da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka auna wasu masu ƙiba da suka yi mako biyar zuwa shida ba abinci, sai ruwa, a ƙarƙashin kulawar asibiti, suka tarar fiye da rabin abincin ƙwaƙwalwarsu ya koma kiton. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara wannan. Babu ɗayanmu da ya taɓa ba hantarsa umarni da azahar.

Wannan iya juyawa daga sukari zuwa kitse, da komowa daga kitse zuwa sukari, shi ne abin da masu bincike suka daɗe suna bibiya. Philip Randle a Kambirij ta Ingila ya nuna tun 1963 cewa su biyun kishiyoyi ne a cikin tsoka, idan ɗaya ya shiga ɗaya ya ja baya. Daga baya David Kelley da abokansa a Pittsburgh suka riƙa auna jinin da ke shiga ƙafar mutum da wanda ke fitowa. Suka ga tsokar mai lafiya tana ƙona kitse da safe kafin karin kumallo, da an ba ta insulin kuma ta juya ga sukari nan da nan. Ta mai ƙibar da jikinsa ya daina jin insulin kuwa ta tsaya a tsakiya: da yunwa ba ta ƙona kitse yadda ya kamata, da ƙoshi ba ta karɓar sukari yadda ya kamata. A shekarar 2000 shi da Lawrence Mandarino suka yi rubutu a kan wannan hali, suka siffanta shi da taurin juyawa. Ƙofa ce da ta yi tsatsa, ba ta buɗuwa sosai, ba ta rufuwa sosai. Daga nan ciwon sukari irin na manya yake tasowa, tare da abokan tafiyarsa: tumbi, kitse a hanta, hawan jini. Sukarin da ya yi yawa a jini yana cin jijiyoyi a hankali, na ido da na ƙoda da na ƙafa, kuma mai wannan ciwo haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kusa ninka masa sau biyu.

Yanzu ku dubi yayana a wannan rana. Ƙwayar da ya sha aikinta shi ne ta matsa wa pankiriyas ta fitar da insulin, ko an ci ko ba a ci ba. Ba ta san Ramadan ba. Insulin ya tashi, ya ce wa hanta ta riƙe, ya kulle rumbu, tsoka kuma tana kwasar sukari saboda ɗaukar buhuna, alhali abin da ya shiga ciki ludayi biyu ne na koko. Ga abinci jibge a gida, an tafi da mabuɗi. Gumin sanyi, da rawar hannu, da tsawar da ya daka mini, duk kukan ƙwaƙwalwa ne da yunwa ta kama. Ni da shi mun tashi da niyya guda, muna jin kiran salla guda, amma abin da ke gudana a jikina da abin da ke gudana a nasa ba ɗaya ba ne. Da haƙurina na auna nasa, nan ne na ɓata.

Ba shi kaɗai ba ne. An yi wani babban bincike mai suna EPIDIAR a ƙasashe 13, a kan azumin 2001, ya ƙunshi masu ciwon sukari fiye da 12,000. Kashi 79 cikin 100 na masu irin ciwon yayana sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka a cikinsu sau bakwai da rabi a watan. Mutanenmu suna son azumi, ba sa son a ce sun sha, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai so ba ya sauya aikin ƙwaya.

Da aka sallame mu na tafi wurin limaminmu na kwashe labari na faɗa masa. Ni ba mai fatawa ba ne, abin da ya karantar da ni nake isarwa. Ya tuna mini ayoyin azumi na Suratul Baƙara, ta 184 da ta 185, inda aka ambaci mara lafiya har sau biyu aka ba shi damar ramawa a wasu kwanaki. Ya buɗe mini Muhtasar na Shehu Halil, ya nuna mini yadda malamanmu na Malikiyya suka rarrabe: wanda yake tsoron ciwonsa ya ƙaru ko warkewarsa ta yi jinkiri, ya halatta ya sha, wanda yake tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Ya ce, "Ka ga ke nan a lokacin da kake ce masa ya daure, wajibinsa ya riga ya sauya. Daga ibada ka janye shi, kana zaton cikinta kake tura shi." Na sunkuyar da kai.

Malamai da likitoci sun zauna a kan wannan mas'ala tun da jimawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta fitar da matsaya a kanta a taronta na Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gwargwadon haɗarinsu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, tare da ƙawancen likitoci na DAR, sun fitar da jagora a 2016, suka sabunta shi a 2021. Abin da ke ciki mai sauƙin riƙewa ne. Mai ciwon ya ga likitansa mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato a irin waɗannan kwanaki da muke ciki, a duba ko zai iya, a gyara masa magani da lokacin shan sa. Sokin yatsa don awon sukari ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3 a lita, ko alamun faɗuwar sukari suka bayyana, a sha ruwa nan take, ko da ladan ya riga ya tsaya gaban lasifika. Wanda yake cikin hayyacinsa a ba shi ƙwayar sukari uku, a sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a ruga da shi asibiti. Wanda kuma likita ya ce masa babu ranar ramuwa, ya je ga malaminsa a yi masa bayanin ciyarwa.

Bari in ɗan ratse, domin na san saƙonnin da za su fara yawo a wayoyinmu nan da ƴan makonni. Za a turo muku hoton wani dattijo ɗan Japan, a ce an ba shi kyautar Nobel don ya tabbatar azumi yana kashe kowace cuta. Mutumin gaskiya ne, Yoshinori Ohsumi, an kuma ba shi kyautar a 2016, amma a kan ƙwayoyin yis na burodi ya yi aikinsa, ya gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta. Bai auna masu azumin Ramadan ba. Abin da aka auna a jikin masu azumi ya fi haka tawali'u. Idan aka haɗa bincike da yawa, mai azumi yakan rage kilo guda ko ɗan fiye, akasari kuma ya dawo ƴan makonni bayan salla. Wani bincike da aka yi a masallatan Landan a azumin 2019 ya ga hawan jini ya ɗan sauka. A Guwanzu ta ƙasar Sin kuwa an bi mutum 139 shekara guda, aka buga sakamakon a 2022: waɗanda aka taƙaita wa lokacin ci tare da rage abinci ba su fi waɗanda aka rage wa abinci kawai ba. Ni a ganina azumi ba ya bukatar shaidar ɗakin gwaji. Umarni ne muka karɓa. Ƙarya kuma ba ta zama ado ga addini don an yi ta da kyakkyawar niyya, balle ƙaryar da za ta sa mai ciwo ya jefar da maganinsa.

Akwai kuma abin da muke yi wa kanmu da magariba. Awa 13 ko 14 da muke yi ba ci, jiki ya fara taɓa rumbu ke nan. Sai a kira salla, mu tare shi da kunun tsamiya da aka zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa, da zoɓo, da lemun kwalba mai ƙanƙara, da fanke, da ƙosai, kafin a kai ga tuwo. Kwalayen sukarin da muke aika wa surukai da iyaye a farkon wata zumunci ne mai kyau, ba ni da ja. Amma ni da hannuna na kai wa yayana kwali biyar a azumin da ya faɗi, ina sane da ciwonsa, don kada a ce ƙane bai yi abin da aka saba ba.

Bayan salla na je aka auna ni, ban karya ba. Aka sami 1,14. Likita ya ce ban kai 1,26 da ake kira ciwon sukari ba, amma na bar sahun masu lafiya, ina kan hanya. Ya auna cikina da igiyar tela, ya girgiza kai. Ya ba ni labarin wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2002, a kan mutane fiye da 3,000 masu irin matsayina: waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ya ce tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko insulin bai ce mata ba. Tun daga ranar na daina hawa babur zuwa masallacin Juma'a, na mai da shayina ƙwaya ɗaya, abokan hira suna yi mini dariya suna cewa Mushe ya koma shan ruwan zafi. Kakanninmu da suka yi noma da hauya, iyayenmu mata da suka yi daka da jan guga, ba su san sunan wannan magani ba, suna cikinsa ne kawai.

Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan Yaya. Wata biyu ba ya son a tayar da maganar. Kunya ce take cin sa, wai a ce Alhaji guda, mai jikoki, an ɗura masa ruwa da rana tsaka a goman ƙarshe. Sai da liman ya taka da kansa har shago. A Sha'aban na gaba muka tafi tare wurin likita, aka sauya masa waccan ƙwaya da wadda ba ta cika kayar da sukari ba, aka tsara masa lokacin sha, aka ce ya jinkirta sahur, ya bar ɗaukar kaya da rana, ya lissafa asham a cikin motsa jikinsa. Muka saya masa na'urar awo, ɗansa ya koya masa sokin yatsa.

A azumin 1445, wanda zafinsa ba wanda zai manta, ya sha kwana shida, ya rama su da sanyi. Ɗaya daga cikinsu ina wurin, ba don sukari ya faɗi ƙasa warwas ba, ya dai tsallake iyakar da aka gindaya masa. Wajen ƙarfe biyu ya ji jikinsa wani iri, ya zaro na'ura ya auna, ta nuna 0,66. Akwai masu ciniki uku a bakin shago, da maƙwabcinsa mai sayar da atamfa. Na ga ya dube su, ya dube ni. Sannan ya sa hannu a aljihun da yake ajiye carbi, ya fito da wani ƙullin leda, ya kwance, ya yi bisimilla a bayyane, ya jefa ƙwaya uku a baki. Maƙwabcin ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Je ka tambayi liman." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma miƙo mini ruwa."

Ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma wurin likita ni da shi, kowa da takardarsa. Ina roƙon ku sa mu a addu'a.